Cinikin Gretzky: Edmonton ta sayi layi, ba ta duba inda layin zai tsaya ba

Ku dubi mutumin nan da ke share hawaye a gaban 'yan jarida. Wayne Gretzky ke nan, ranar 9 ga Agusta, 1988. Shekarunsa 27, ya ɗaga kofin Stanley, kofin zakarun gasar NHL ta Kanada da Amurka, sau huɗu cikin shekara biyar tare da ƙungiyar Edmonton Oilers ta Kanada, kuma a duniyar hoki na ƙanƙara babu na biyunsa. A wannan rana aka sayar da shi ga Los Angeles Kings. Mutanen Kanada suka harzuƙa, aka ƙona mutum-mutumin mai ƙungiyar, Peter Pocklington, har wani ɗan majalisa ya nemi gwamnati ta hana cinikin.

Ga kayan da aka yi musaya. Los Angeles ta ɗauki Gretzky da Marty McSorley da Mike Krushelnyski. Edmonton ta karɓi dala miliyan 15, da Jimmy Carson, da Martin Gelinas, da damar zaɓe a zagayen farko har sau uku: 1989, 1991 da 1993.

To a kan wannan zaɓen ne mutane ke rikicewa. Da yawa daga cikinmu da ƙwallon ƙafa muka saba, inda ake ajiye kuɗi a ɗauki ɗan wasa, shi ke nan. Sai mutum ya ji "zaɓe uku a zagayen farko", ya ɗauka taurari uku aka ba Edmonton a hannu. Ko kusa.

A gasar NHL, duk shekara ana tara matasan da suka isa shiga, ƙungiyoyi su yi layi, kowacce ta ɗauki ɗaya idan an zo kanta. Kuma layin a juye yake: a wancan lokacin, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke gaba, masu ƙarfi suna can baya. Saboda haka abin da Edmonton ta karɓa gurbin Los Angeles ne a cikin layi. Babu suna a jikinsa, babu lamba. Darajarsa ta dogara ne kacokan a kan yadda Los Angeles za ta lalace.

Ku tsaya a nan, kada ku matsa gaba.

Edmonton ta karɓi gurbin da ba ya yin tsada sai Los Angeles ta faɗi, sannan da hannunta ta miƙa wa Los Angeles mutumin da zai hana ta faɗuwa. Kamar ka karɓi jinginar inuwar bishiya ne, ka kuma ba mai bishiyar gatari.

Lambobin ba sa ƙarya. Kafin zuwan Gretzky, Kings sun gama kaka da maki 68, kuma Gelinas ɗin da suka bayar shi ne na 7 a zaɓen 1988. Shekarar farko da Gretzky, maki ya haura zuwa 91. Gurbin 1989 sai ya gangara zuwa na 18 cikin ƙungiyoyi 21. Na 1991 ya zama na 20, na 1993 na 16.

Me aka samu? Na farko Edmonton ta musanya shi da New Jersey. Na biyu ta ɗauki Martin Rucinsky, ɗan wasa nagari, amma wasa biyu kacal ya buga mata, wasu ne suka ci moriyarsa. Na uku, Nick Stajduhar, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NHL ba.

Ni a nan nake raba laifi biyu. Cewa Stajduhar ba zai kai labari ba, wannan babu wanda ya sani a lokacin. Zaɓen yaro ɗan shekara 18 caca ce, kuma duk mai zagin su a kan haka yau, ya ga amsar jarrabawa ne kafin ya yi baki. Amma cewa Kings za su ƙara ƙarfi da Gretzky har gurbin ya koma baya, wannan ko mai sayar da gyaɗa a ƙofar filin wasa ya san shi tun ranar. Laifin da ya halatta a ɗora musu ke nan.



Carson yaro ne ɗan shekara 20 da ya zura ƙwallo 55 a kakar da ta gabata. Ya zo Edmonton ya ci 49, amma zama a mazaunin Gretzky ya yi masa nauyi, ya nemi tafiya. A Nuwamban 1989 aka tura shi Detroit, aka karɓo Petr Klima da Joe Murphy da Adam Graves. Ku riƙe sunayen nan. Murphy da Graves suka haɗu da Gelinas a sahun 'yan gaba ɗaya, Klima kuma shi ya ci ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci na uku a wasan farko na zagayen ƙarshe da Boston. Ga Mark Messier, kyaftin ɗin Edmonton, yana ɗaga kofi a 1990. Babu Gretzky.

Shi ya sa idan wani ya ce maka Edmonton ta tashi a tutar babu, ka tambaye shi inda ya tsayar da lissafinsa. Ribar ta zo, sai dai ta ƙofar da ba ita aka zuba wa ido ba. Kuɗin kuwa, aljihun mai ƙungiya suka nufa, magoya baya ba su ga ko ƙwandala a kan ƙanƙara ba.

Los Angeles fa? Ta fitar da Edmonton daga neman kofin Stanley a 1989, filin wasanta ya cika, hoki ya samu kasuwa a Kalifoniya. A 1993 ta kai zagayen ƙarshe da Montreal, ta ci wasan farko, tana kan gaba da 2 da 1 a na biyu saura 'yan mintuna. Sai kocin Montreal ya ce a auna sandar McSorley, wanda ya biyo Gretzky a cinikin. Ku kalli alƙalin wasa da ma'auni a hannu. Lanƙwasar ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi minti biyu, Montreal ta farke, ta ci wasan, ta kuma cinye ukun da suka biyo baya.