Gwanayen da kofi ya kuɓuce musu a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, masu horarwa, 'yan wasa da sauran 'yan uwa, ina yi muku barka da yamma. Na gode da kuka ba ni wannan dama.

An ce in yi magana a kan gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan ƙungiyoyin da suka fi kowa iya wasa a shekararsu amma ba su ɗaga kofin ba, waɗanda har gobe magoya baya ke zama suna tuna su, wani lokaci ma fiye da yadda suke tuna wanda ya doke su.

Bari mu fara da yadda gasar take, domin a nan asalin abin yake. Ana fara kakar wasa a watan Nuwamba, kowace jami'a ta buga wasa talatin da wani abu. Idan Maris ya kama sai a zaɓi ƙungiyoyi, a 2011 aka mayar da su guda 68, a shiga sili ɗaya ƙwale. Babu gida da waje, babu "mu haɗu a wasa na biyu". A gasar ƙwararru ta NBA sai ka ci abokin karawarka sau huɗu cikin bakwai kafin ka wuce, don haka da wuya mai rauni ya fitar da mai ƙarfi. A nan kuwa minti 40 ne kacal. Ciwon ƙafa ɗaya, ko busar alƙalin wasa ɗaya, ko hannun yaro ɗan shekara 19 ya yi rawa a kan layin jifa, inda wanda aka yi wa keta ke jifa ba mai tare shi, shi ke nan aikin wata biyar ya tafi. Sannan ku tuna ɗalibai ne. Ƙungiyar ƙwararru idan ta faɗi bana tana iya dawowa baɗi da mutanenta. Ɗalibi kuwa zai gama karatu ko ya tafi NBA, kuma waɗannan yara biyar ba za su sake tsayawa a fili ɗaya da riga ɗaya ba har abada. Ƙungiya ta ƙarshe da ta gama shekara ba a doke ta ko sau ɗaya ba ita ce Indiana a 1976, da wasa 32. Tun daga nan duk wadda ta taso da wannan buri an tare ta a hanya.

Zan daɗe a kan Jami'ar Houston ta 1983, saboda muna da namu a cikinta.

Hakeem Olajuwon, an haife shi a Legas a 1963. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15, kuma abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba, a Sakkwato ƙofar ta buɗe masa. Makarantarsu, Muslim Teachers College ta Legas, ta zo gasar wasanni ta makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka nemi a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando saboda tsawonsa. A 1980 ya sauka a Houston, a hannun koci Guy Lewis.

Lewis mutum ne mai son a dankara ƙwallo cikin kwando daga sama. A ganinsa babu jifan da ya fi wannan tabbas. Ku sani an taɓa haramta wannan dankarawa a wasan jami'o'i daga 1967 zuwa 1976, kuma ko bayan an ɗage haramcin manyan masu horarwa da yawa suna yi mata kallon wasan banza, wasan 'yan unguwa. Sai ga Lewis ya tara Olajuwon da Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux da Benny Anders, ya sakar musu mara. Gudu da tsalle daga farko har ƙarshe. Aka yi musu laƙabi da Phi Slama Jama. Suka ci wasa 26 a jere, su ne na ɗaya a ƙasar. A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da Louisville, su ma gwanayen tsalle, suka doke su 94 da 81. Olajuwon ya ci maki 21, ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 22. Mutane da yawa suka ce ai an riga an buga wasan ƙarshe, saura miƙa kofi.

Ranar 4 ga Afrilu 1983, a birnin Albuquerque, abokan karawarsu North Carolina State ne, ƙungiyar da aka doke sau 10 a wannan shekarar. Kocinsu Jim Valvano ya san idan aka yi tsere ba zai kai labari ba, don haka ya ja wasan a hankali. A lokacin babu agogon jifa a wannan gasa, wato agogon da ke tilasta maka jifa cikin ƙayyadadden lokaci, kana iya riƙe ƙwallo yadda ka ga dama. Kafin hutun rabin lokaci an busa wa Drexler laifi huɗu, saura ɗaya a fitar da shi. Aka tafi hutu NC State na da 33, Houston 25. Da aka dawo Houston ta tashi tsaye, ta ci 17 su kuwa 2 kawai, ta wuce gaba 42 da 35.

To, a nan ne masu tuna wannan wasa suke rabuwa gida biyu. Lewis ya umarci yaransa su rage gudu, su baje a fili su ci lokaci. Masu kare shi suna da hujja: Albuquerque tana kan tudu, kusan mita 1,600 sama da teku, iska ba ta isa, har sai da aka ga Olajuwon a benci da abin shaƙar iska a fuska. Amma ni ra'ayina, kuma ina faɗa da girmamawa ga dattijon, a wannan lokacin ne Houston ta bar wasanta ta koma wasan Valvano. Yaran nan da gudu aka san su, ba da jifa daga layi ba. Valvano ya sa aka riƙa yi musu keta da gangan don a tura su layin, suka jefa 19 suka ci 10. Ana 52 da 52, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Alvin Franklin na Houston, ɗan shekarar farko, ya tsaya a layi ya ɓarar.

Ku dubi daƙiƙun ƙarshe da kyau, domin akwai hoton bidiyonsa. An turo wa Dereck Whittenburg na NC State ƙwallo can nesa, Benny Anders ya yi tsalle har yatsunsa suka taɓa ta. Da ya riƙe ta, babu kowa tsakaninsa da kwando. Ba ta zauna a hannunsa ba. Whittenburg ya ɗauka ya wurga daga nisan kusan mita 9, jifan ma bai kai ba, ya faɗo gajere. Olajuwon, wanda ya yini yana share duk abin da ya zo kusa da kwandon nan, a wannan daƙiƙa ya ɗan yi gaba. Lorenzo Charles na NC State yana tsaye a ƙasa shi kaɗai, ya cafe ta a sama ya dankara. 54 da 52. Valvano ya shiga fili da gudu yana neman wanda zai runguma, 'yan Houston kuwa suka zube a ƙasa. Olajuwon ya ci maki 20, ya cafke 18, aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da an doke su, kuma daga shi ba a sake ba wani ɗan ƙungiyar da ta faɗi wannan kyauta ba.

Shekara ta zagayo, 1984, Drexler ya tafi, Olajuwon ya sake kai su wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Lewis ya kai zagayen 'yan huɗu sau biyar a rayuwarsa bai ɗauki kofi ba, kuma wannan rashin ya bi shi: sai 2013 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan, yana da shekara 91, ya rasu a 2015. Wannan jinkiri bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Mutumin da ya horar da Elvin Hayes da Drexler da Olajuwon, a ce jifa ɗaya da bai kai kwando ba shi zai hana a girmama shi shekara talatin? Olajuwon da Drexler dai Allah ya haɗa su a Houston Rockets suka ɗauki kofin NBA tare a 1995. Jami'ar kuwa har yanzu tana jira. A Afrilun 2025 ta kai wasan ƙarshe, ta ba Florida ratar maki 12 bayan hutu, aka tashi 65 da 63, Florida ce da kofi. Zuwa bakwai ke nan zagayen 'yan huɗu, hannu wofi.

Abin da nake so ku lura da shi: je ka tambayi mai son wannan wasa a Amurka wa ya ɗauki kofin 1986 ko na 1989, zai ɗan yi tunani. Ka ce masa Phi Slama Jama, nan take zai fara lissafo maka sunaye. Wannan tunawa ba lallashin kai ba ne. Wasan da ake bugawa yau, na gudu da tsalle, ya fi kama da na Lewis fiye da na wanda ya doke shi. A kakar 1985 zuwa 1986 ma aka kawo agogon jifa, wanda ya kashe dabarar riƙe ƙwallo a ci lokaci.

Haka labarin yaran Michigan biyar, waɗanda ake kira Fab Five: Chris Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson. Dukkansu 'yan shekarar farko ne suka kai wasan ƙarshe a 1992, Duke ta lallasa su 71 da 51. Suka dawo a 1993 suka haɗu da North Carolina a New Orleans. Suna baya da maki 2, 73 da 71, Webber ya cafke ƙwallo ya ruga da ita, 'yan wasa biyu suka matse shi a kusurwa, saura daƙiƙa 11, sai ya haɗa hannu ya nemi a tsayar da wasa don a yi shawara. Ashe sun riga sun cinye damarsu. Doka ta ce a hukunta su, aka ba North Carolina jifa biyu da ƙwallo, aka tashi 77 da 71. Yaro ne ɗan shekara 20, ya ci maki 23 a wasan, amma wannan haɗa hannun aka manna masa.

Bayan nan bincike ya nuna wani mai goyon bayan ƙungiyar, Ed Martin, ya ba wasu 'yan wasan Michigan kuɗi, ciki har da Webber, abin da dokar NCAA ta hana a lokacin. A 2002 jami'ar ta sauke tutocin tunawa daga rufin filinta, aka soke sakamakon wasannin. A takarda, kamar ba a buga su ba. Amma dogon gajeren wandon nan mai faɗi da baƙar safa da suka yayata, yara a ko'ina suka ɗauka, ba a iya soke shi ba. Kuma ana sayar da riguna masu lambarsu a shaguna alhali su ba su da ko sisi a ciki. Sai a 2021 aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Ban ce karya doka daidai ne ba, amma dokar kanta akwai zalunci a cikinta.

Sauran zan wuce su da sauri saboda lokaci. Indiana State ta Larry Bird ta ci 33 a jere a 1979, Magic Johnson da Michigan State suka tare ta a wasan ƙarshe. Georgetown ta 1985 ta gamu da Villanova a daren da suka jefa 28 suka ci 22, aka tashi 66 da 64. Kentucky ta 2015 ta kai 38 ba faɗuwa, Wisconsin ta fitar da ita 71 da 64. Gonzaga ta 2021 ta zo da 31, Baylor ta doke ta 86 da 70, kuma wannan babu wanda zai ce sa'a ce, an fi ƙarfinsu ne a daren.

Na ga hannu a baya. Bismillah, ɗana.

(Wani matashi ya tambaya: Malam, a duk waɗannan wacce ce ta fi ƙarfi?)

Zuciyata tana wajen Houston, ka ji dalili. Amma idan ƙarfi kake tambaya, UNLV ce ta 1991, jami'ar da ke Las Vegas, ƙarƙashin Jerry Tarkanian, kocin nan da ke tauna tawul a bakin fili. Su ne ke riƙe da kofin 1990, inda suka ragargaji Duke 103 da 73, rata mafi girma a tarihin wasan ƙarshe. Manyansu huɗu suka dawo: Larry Johnson, Stacey Augmon, Greg Anthony da Anderson Hunt. Suka je har gidan Arkansas, wadda ke matsayi na biyu a ƙasar, suka doke ta 112 da 105. Suka iso zagayen 'yan huɗu da wasa 34 ba faɗuwa, idan ka haɗa da na shekarar da ta gabace ta 45 a jere. Sai ga Duke ɗin nan dai ta sake tsaya musu a Indianapolis.

Matsalar mai cin kowa da rata mai yawa ita ce bai saba da wasan da ake kai wa daƙiƙar ƙarshe ba. Saura ƙasa da minti huɗu aka busa wa Greg Anthony laifi na biyar, shi ne kuwa mai raba musu ƙwallo, ya fita. Suna gaba 76 da 71, Bobby Hurley na Duke ya jefa ta maki uku daga nesa. Aka zo 77 da 77, Christian Laettner na Duke ya tsaya a layi saura daƙiƙa 12 da ɗoriya, ya ci duka biyun. A harin ƙarshe ƙwallo ta zo hannun Larry Johnson, gwarzon ɗan wasan ƙasar a shekarar, ya tsaya bai jefa ba, ya miƙa wa Hunt, Hunt ya jefa a matse ta bugi ƙarfe. 79 da 77. Bayan 'yan watanni a zaɓen sababbin 'yan wasa, ƙungiyoyin NBA suka ɗauki Johnson a matsayi na 1, Augmon na 9, Anthony na 12. Idan da sau bakwai za su kara da Duke, ina da yaƙinin UNLV ce za ta wuce.

An yi mini alama cewa magariba ta gabato, don haka a nan zan dakata. Mai sauran tambaya ya same ni bayan salla. Wassalamu alaikum.