Abin da Tsofaffin Sojojin Yaƙin Bama Suka Fi Tunawa

Masu kallo, duk wanda ya taɓa jin sunan barikin Chindit a Zariya ko na Kalapanzin a Kaduna, to ya ji sunayen da sojojin Najeriya suka dawo da su daga ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Turawan mulkin mallaka sun ɗebi samarin Arewa da yawa ta hannun sarakuna da hakimai, wasu bisa son ransu, wasu kuwa ba a nemi shawararsu ba. A wurin horo aka koya musu fareti da harbi, kuma da yake Hausa ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba sai da ya iya ta. A 1943 aka kwashi runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta 82 kuma ta biyo baya a 1944, daga can aka wuce da su Bama domin yaƙar Japanawa.

Sai dai idan tsohon soja ya buɗe baki, ba kasafai yake farawa da ranakun artabu ba. Da kaya yake farawa. A kwarin kogin Kaladan da ke yammacin Bama babu hanyar mota, saboda haka aka ware dakaru na musamman, galibinsu ba su riƙe da bindiga, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa a ka, suna hawa tsaunuka cikin surƙuƙin daji. Abinci kuwa daga sama jirage ke jefo shi da laima, ranar da hadari ya rufe sararin sama sai a ɗaure ciki. Ga ruwan damina da ba ya ɗaukewa, ga matsattsaku da ke maƙalewa a ƙafa, ga zazzaɓin cizon sauro da atini, waɗanda suka kwantar da mutane fiye da yadda harsashin Japanawa ya yi. A ganina, waɗannan 'yan dako su ne aka fi tauye wa haƙƙi a littattafan tarihi.

Faɗawa hannun abokan gaba shi ne abin da kowa ya fi tsoro, domin wanda ya ji rauni ba shi da tabbacin za a bar shi da rai. Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya daga yankin Owo, an harbe shi a ƙafa a watan Maris na 1944 aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi tare da abokinsa David Kargbo na Saliyo, yana ciyar da su tsawon watanni, alhali ya san idan asiri ya tonu kansa ne a bakin takobi.

An ƙwace garin Myohaung na Bama daga hannun Japanawa a watan Janairun 1945, Japan kuma ta miƙa wuya a watan Agusta, amma da yawa daga cikin sojojin ba su ga gida ba sai 1946 saboda ƙarancin jiragen ruwa, kuma kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na takwarorinsu Turawa ba.