Dusa, Doki da Ƙashin Dabba

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su.

Na farko karaya. In ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin, sai guringuntsi ya haɗe bakin biyu, a hankali ya ƙanƙare. Mahautan da ke nan sun sani: ka ga haƙarƙarin bijimi da ƙulli a tsakiya, tsohuwar karaya ce, ko ta sanda ko ta karo.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dusa. Masu dawaki, ku matso. Mutum na son dokinsa ya yi ƙiba kafin hawan Sallah, sai ya dinga ɗura masa dusa safe da yamma. Ita kuwa dusa, sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ɗinta, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaɗan ne. To jiki ba ya jira. In bai samu kalsiyam a abinci ba, ƙashi zai koma ya kwasa. Ya kwasa yau, ya kwasa gobe. Na taɓa dafa fuskar wani doki, saman hancin nan ya kumbura ɓangare biyu, haƙora na girgiɗi, yana tauna abinci na zubowa. Ga ɗingishi, yau ƙafar gaba, jibi ta baya. Mai shi har ya fara zargin maƙwabta! Wallahi tausayi ya kama ni, don ƙauna ce ta kai shi. Na ce Alhaji, rage dusa, ƙara harawa, ta wake ko ta gyaɗa. Harawa, jama'a. Ku riƙe wannan: harawa.

Na uku, kajin gidan gona: ɓawon ƙwai kalsiyam ne, in abinci ya gaza, jiki ya kwasa daga ƙashi, sai ƙafa ta kasa ɗaukar kaza.

Na'am, Baba? Ana tambaya me ke sa saniya tauna ƙashi da rani. Ranka ya daɗe, akasin na dokin ne: fosfaras ta rasa, don busasshiyar ciyawa ba ta da shi sosai. Haɗarin kuwa, ƙashin mushe kan ɗauki gubar da ke shanye jiki, saniya ta kwanta ta kasa tashi. A binne mushe da zurfi, a ajiye musu gishirin lasa mai fosfaras kusa da wurin shan ruwa.