Shekara Shida Ba Ƙararrawa: Yadda Coci Ta Riƙe Rayuwar Turawan Da

A watan Maris na shekarar 1208, mutanen Ingila suka wayi gari shiru. Ba ƙarar ƙararrawa daga hasumiyar coci, ƙofofi kuma a garƙame. Paparoma Innocent na Uku ne ya ba da umarni daga Roma cewa a dakatar da ibadar jama'a a ƙasar baki ɗaya, saboda Sarki John ya ƙi karɓar Stephen Langton, mutumin da Paparoman ya naɗa babban bishop na Canterbury. Rigimar manya ce, amma a kan talaka ta sauka. Kafin mu ga yadda ta ƙare, bari mu duba me aka ƙwace wa manomin ƙauye a wannan rana.

Mu fara da ita ƙararrawar. Mutumin nan ba shi da agogo. Ƙarar da ke fitowa daga coci ita ke gaya masa gari ya waye, rana ta take, magariba ta yi. Ita ke shelar gobara, ita ke sanar da mutuwa. Kalandarsa ma ta coci ce. Ba ya cewa ranar kaza ga wata kaza, sai dai ya ce ranar waliyyi wane, kuma a irin waɗannan ranaku ake biyan haya da cin kasuwar shekara. Har tukunyarsa ba ta tsira ba: ba a cin nama ran Juma'a, haka nan cikin azumin kwana 40 kafin Ista. Masu kifi kam sun ji daɗin wannan doka.

Daga haihuwa zuwa kabari, limamin ƙauye yana tsaye a gefe. Shi ke yi wa jariri baftisma, sau da yawa cikin 'yan kwanakin haihuwarsa, don jarirai na mutuwa ƙwarai a lokacin. A bakin ƙofar coci ake ɗaura aure. In rai ya yi halinsa, a harabar coci ake binne mutum. Ibadar kuwa da Latin ake yin ta, harshen da manomi bai ji ba, shi ya sa aka cika bango da zane. Alal misali, akwai hoton da akan zana a saman bagade: ranar hisabi, ana auna rayuka a sikeli, aljannu na jan masu zunubi zuwa bakin wuta. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane saƙon.

Duk wannan ba kyauta ba ne. Akwai ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, wanda Charlemagne, sarkin wata babbar daula a yammacin Turai, ya mayar da shi doka a ƙasarsa a 779. Dami goma, ɗaya na coci. Haka 'yan tumaki, ulu, ƙwai, har zuma. An gina manyan rumbuna don tara shi, wasunsu suna nan tsaye har yau a Ingila. Ƙididdigar filaye da aka yi a 1086 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Ingila yana hannun bishop-bishop da gidajen 'yan zuhudu. Gaskiya a faɗe ta, daga cikin wannan dukiya ake ciyar da almajirai da matafiya, ake jinyar marasa lafiya, kuma 'yan zuhudu ne ke zama suna kwafar littattafai da hannu a kan fatar maraƙi. Sai dai wani bishop ɗin, in ka ga gidansa da dawakinsa, ba ka bambanta shi da basarake.

Coci tana da kotunanta. Shari'ar aure, wasiyya, cin riba, duk can ake kai su. Kuma waɗannan kotuna ba sa yanke hukuncin kisa, don haka duk wanda ya tabbatar shi ma'aikacin coci ne ya tsira daga igiyar sarki. Daga baya gwajin ya koma karanta aya ɗaya daga Zabura ta 51, har ɓarayin da ba su san ko baƙi ba suka riƙa haddace ta.

To, mu koma 1208. An bar baftismar jarirai da furta zunubi ga wanda ke bakin mutuwa, sauran kuwa an rufe. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne gawa: ba a yarda a binne kowa a tsarkakakkiyar ƙasa ba, sai a gefen hanya ko bayan gari, ba addu'ar limami. Ka yi tunanin mutumin da ya binne mahaifiyarsa haka.

Shi John ko a jikinsa. Ya ƙwace filayen coci ya riƙa cin kuɗinsu, ya sa aka kama matan da limamai ke ajiye da su a gida, sai an fanshe su da kuɗi. A 1209 aka kore shi kansa daga coci, bai motsa ba. Sai da manyan fadawansa suka fara ƙulla masa makirci, Sarki Philip na Faransa kuma ya tara jiragen yaƙi, sannan ya sauko. A watan Mayu na 1213 ya miƙa Ingila ga Paparoma, ya sake karɓar ta daga hannun Paparoman a matsayin mabiyinsa, da alkawarin biyan mak 1,000 (mak ma'aunin kuɗi ne na lokacin) duk shekara. A watan Yuli na 1214 ƙararrawa ta sake kaɗawa.

Shekara guda bayan haka, fadawan suka tilasta wa John amincewa da Magna Carta, takardar da ta rage masa iko, Langton yana cikin masu shiga tsakani. Wannan karon Innocent bayan John ya bi: ya soke takardar a watan Agusta na 1215, aka kuma dakatar da Langton daga aiki.