Me Ya Sa Dutse Ke Zaftarewa? Abin Da Ya Faru A Freetown

Da safiyar 14 ga Agusta, 2017, bayan kwanaki ana tafka ruwa, gefen dutsen Sugar Loaf ya ɓalle a kan unguwar Regent da ke Freetown, babban birnin Saliyo. Laka da manyan duwatsu suka bi kwari har bakin teku. Mutum fiye da 1,000 suka rasu ko suka ɓace.

Ku dubi jikin dutsen nan. Daga sama ƙasa ce mai laushi, a ƙarƙashinta kuma dutse ne wanda ruwa ba ya ratsa shi. In ruwa ya yi yawa, sai ya nutsa ya taru a inda ƙasa ta haɗu da dutsen. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan 1 ne, don haka gangarar ta ƙara nauyi. Amma babbar ɓarnar ita ce ruwan da ya cika ƴan kafofin cikin ƙasa yana tura ƙwayoyinta, riƙon da ke tsakaninsu ya saki. Daga nan ƙasar sai ta sulale, kamar an ɗora kaya a kan tsantsi.

Ruwa dai kowace damina ana yin sa. Amma aikin hannun mutane kan ƙara haɗarin: sare itatuwan da saiwoyinsu ke ɗaure ƙasa, da kuma yanke gindin gangara don a sami filin gini. Gindin nan shi ne ke tokare duk abin da ke sama. Ko katangar tare ƙasa, in ba a bar mata ramukan fitar ruwa ba, ruwan da ya taru a bayanta ne zai kayar da ita.

Sau da yawa gangara kan ba da alama. Tsaga mai kama da baka a can sama, wadda ke ƙara buɗewa. Itatuwa da turakun lantarki sun karkata. Ƙofar da ke rufuwa jiya yau ta ƙi. Ruwa na ɓuɓɓugowa inda babu maɓuɓɓuga. Rafi ya koma laka, ko ya ragu farat ɗaya alhali ana ruwa, wato wani abu ya toshe shi daga sama.

In kun ji rugugi, kada ku bi kwari, don laka ta fi mutum gudu. Ku ratsa ta gefe, ku hau tudu.