Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa irin waken faba ya rikiɗe?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙu uku muka zaɓo yau, duk a kan waken faba, wanda Larabawa ke kira ful.

Wani manomi ya ce nasa ya yi tsayi har ƙugu, ya yi fure jingim, amma kwanso kaɗan ya ɗaura. To malam, halin faba ke nan. Yana fitar da fure fiye da abin da zai iya riƙewa, mafi yawa zubewa suke yi. Kuma amfanin sanyi ne, shi ya sa ake noma shi sosai a Sin da Birtaniya da tuddan Habasha. In zafi ko ƙishirwa suka riske shi yana cikin fure, zubewar sai ta ƙaru.

Wata baiwar Allah kuma tana tambaya ko mai manyan ƙwaya ya fi auki. Ba lallai ba ne, malama. Akwai irin da ƙwayarsa ɗaya ta haura giram 1, akwai wanda bai kai rabin giram ba, amma ƙaramin kan rama da yawan kwanso, kuma ba ya cin iri da yawa wurin shuka. A duniya dai hekta kan ba da wajen tan 2.

Wasiƙa ta uku ce ta fi ɗaukar hankalina. Mai ita ya ce ya ajiye iri daga girbin bara, da ya shuka bana sai ga wasu da farin fure tas, wasu da baƙin ɗigo, ƙwayar ma kala-kala. Ko an cuce shi?

Ba wanda ya cuce ka, ɗan'uwa, aikin ƙudan zuma ne. Ka tsaya a gonar da hantsi ka ga yadda yake danna kai cikin fure, ya fito buɗu-buɗu da garin furen, ya wuce gonar maƙwabci. Faba na iya yi wa kansa barbara, amma kaso mai tsoka na ƙwayarsa daga irin wannan gauraye yake fitowa. Ni kam ban ɗauke shi asara ba, don tsiron da aka samu ta gauraye sau da yawa ya fi ƙwari da riƙe kwanso.

Ga kuma wani abu: har yau ba a gano kakan faba na daji ba, duk da an kai shekara 10,000 ana noma shi a Gabas ta Tsakiya, kuma ba ya barbaruwa da sauran danginsa. Ke nan mai neman irin da zai jure cutar tsatsa ko fari, ko mai ƙarancin sinadarin bisin da ke fasa jinin masu larurar G6PD (wata larurar jini ce da ake gado), dole cikin irin da ke hannun manoma zai lalubo. Shi ya sa ICARDA, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken noma a yankunan da ke da ƙarancin ruwa, ke adana dubban nau'o'insa. Sai a 2023 aka kammala karanta kundin halittarsa, wanda ya ninka na ɗan Adam kusan sau 4.

In kana son irinka ya tsaya yadda yake, ka nisanta gonar iri da sauran gonakin faba, ka tumɓuke duk tsiron da ya fita daban tun kafin furensa ya buɗe, sannan ka ɗebi iri daga tsakiyar gona, kada ka ɗiba a gefe.