Amsoshin Tambayoyinku: Matan Yarbawa da Haihuwa ta Tiyata

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, ga Likita tana tare da mu don amsa su, lokaci kuma ba ya jira.

Wani daga Agege yana tambaya ko matar da aka yi wa tiyata za ta iya shayarwa. Za ta iya, malam, tun ranar ma.

Sai doguwar wasiƙa daga unguwar Sabo a Ibadan. Mai ita Bahaushe ne, matarsa Bayarbiya, cikinta wata tara. Likitansu ya ce jaririn a gicciye yake, sai an yi aiki. Ita kuma ta ce atafau, surukarsa ma ta ce a danginsu ba a taɓa yanka kowa ba. Likita, ko haka matan Yarbawa suke?

"To, ai ba Yarbawa kaɗai ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ake haifa ta tiyata a Najeriya, Kudu maso Yamma ma ta fi Arewa yawan masu yi. Amma gaskiya akwai gudun abin. Wata tana jin kamar ta gaza, za a ce ba ta cika mace ba. A coci ana yi wa masu ciki addu'ar su haihu kamar matan Ibraniyawa, wato da kansu, nan da nan. Shi ya sa wata za ta yi awo a asibitin koyarwa na Ibadan, da ta ji maganar aiki sai ta sulale gidan haihuwar coci ko wajen ungozoma. Ga kuma kuɗi. Ni lokacin da muke makaranta..."

Likita, a bar makaranta tukuna, me zai ce wa surukarsa?

"Ya kai su gaban likitan tare. Jaririn da ke gicciye, in bai juya ba, ba ya fitowa ta hanya. In aka dage, mahaifa na iya fashewa. Kuma yawanci allurar baya ake yi, tana farke za ta ji kukan ɗanta."

Kun ji ko? In bai juya ba, ba ya fitowa. Malam, kai ma akwai laifinka, sai da wata tara ya cika ka tuna da mu. A ganina, ka daina gardama da Mama, ka lallaɓa ta, ka ce a yi addu'ar, a kuma yi aikin. Batun kuɗi, a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ka tambaya ko asibitinku na ciki.

Wata daga Idi-Araba na tambaya: an yi min sau ɗaya, dole a sake? Likita ta ce ba dole ba, amma a asibiti za ki haihu, Hajiya, ba a ɗaki ba. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa.